Amsa: bindigar airsoft ta farko, da ƙaramar ta kugu

Ɗan'uwa tambayarka ita ce wace bindiga za ka fara saye tunda kana Ingila kuma yanzu ka shigo wasan airsoft, wato wasan harbin juna da bindigogi masu ƙwayar roba, sannan ko ka haɗa da fistol a lokaci ɗaya. Ni dai shawarata ka sayi mai batir, wato AEG, samfurin M4, irin su G&G CM16 ko Specna Arms ko CYMA, duk suna aiki lafiya kuma kayan gyaransu da magazin ɗinsu, wato gidan ƙwaya, a ko ina ake samu. Fistol kuwa ka bar shi tukuna, kuɗin ka zuba a tabarau mai kyau na kare ido da abin rufe baki, don ƙwayar nan ta roba mai milimita 6 tana fasa haƙori wallahi.

Dalilina shi ne fistol mai gas sanyi ke kashe masa ƙarfi, kuma ka san sanyin ƙasar nan, sai ka ga yana tofar da ƙwaya kusa da ƙafarka, ga shi sabon ɗan wasa da wuya ya zaro shi ma a fili. Sharaɗi ɗaya kuma, in ba ka da rajistar UKARA, wato ƙungiyar masu sayar da kayan airsoft a Birtaniya, shago ba zai sayar maka da baƙa mai kama da ta gaske ba sai mai launi biyu, kuma sai ka yi wasa sau 3 a fili ɗaya cikin aƙalla kwana 56 kafin ka samu rajistar, to ka yi hayar bindiga a filin lokacin nan, ka riƙe kala kala ka ji wadda ta zauna maka a hannu, ka kuma tambayi iyakar ƙarfin harbi da suka yarda da shi, yawanci 350 fps ne, wato gudun ƙafa 350 a daƙiƙa.