Abin da ya ci Doma, da hukuncin alƙalan Ingila

Wani ɗalibin koyon lauya ya rubuto daga Zariya yana tambaya: "Malam, ko karin maganar nan, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, za ta iya bayyana yadda hukuncin wata kotu ke zama doka ga wasu?"

Za ta iya, ɗana, amma rabi.

Doma da Awe garuruwa ne a Jihar Nasarawa ta yau. Hausawa kan yi maganar don gargaɗi: abin da ya faɗa wa maƙwabcinka, kai ma yana tafe. Kusanci da kamanni su ne ginshiƙinta, kuma a nan ta dace da tambayarka. Doka a bakinmu umarni ne daga sama, na sarki ko na majalisa. Hukunci kuwa abin da alƙali ya yanke ne tsakanin mutum biyu. Ingilawa sun mai da hukunci doka. Tun zamanin Sarki Henry na Biyu, wanda ya hau gadon mulki a 1154, alƙalan sarki ke zagaya ƙasa suna shari'a, na baya na bin sawun na gaba, har aka sami doka ɗaya ta gama-gari.

Ga misalin da nake so. A 1928 wata mata a garin Paisley na Sukotlan ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi cikin kwalbar lemun citta. Ba ita ta saya ba, an saya mata ne, don haka babu ciniki tsakaninta da mai kamfanin. Duk da haka, a 1932 kotun ƙarshe ta Birtaniya ta ce mai sarrafa kaya na da alhakin kula da lafiyar wanda zai yi amfani da su. Abin dariya, ba a taɓa tabbatar da dodon koɗin a gaban alƙali ba, sulhu aka yi. Amma hukuncin ya ƙetare teku, har kotunan Najeriya na kafa hujja da shi a shari'ar sakaci, domin dokar ƙasa ta karɓi dokar gama-garin Ingila tun zamanin mulkin mallaka. Nijar ba ta bi nan ba, tsarin Faransa ta gada, inda rubutaccen kundi ke gaba da alƙali.

Inda karin maganar ta gaza: a cikinta Awe ba ta da mafita. A kotu tana da ita. Lauyanta zai iya nuna cewa shari'arta ba irin ta Doma ba ce, kamar yadda malaman fiƙihu ba sa yin ƙiyasi sai illa, wato dalilin hukuncin, ta zo ɗaya. Sannan hukunci daga babbar kotu yake sauka kan ƙarama, ba ya hawa. Tun 1963, da aka daina ɗaukaka ƙara zuwa Landan, hukuncin Ingila shawara ce kawai ga Kotun Ƙolin Najeriya, in ta ga dama ta ɗauka, in ta ga dama ta bari.