Wayoyi Da Yawa, Kwamfuta Ɗaya: Amsoshin Tambayoyinku

Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk kuka ɗaya suke yi: an jona na'urori da yawa a kwamfuta guda, wasu suna fitowa, wasu sun ƙi. Na zaɓi huɗu, na taƙaita tambayoyin saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Laftof ɗina kafar USB biyu gare shi, ɗaya linzami ya tare ta. Sai na samo mahaɗa mai baki huɗu, na jona wayata da ta maiɗakina, duka Android, da tabulet ɗin yara, da faifan ajiya na waje inda nake tara hotunan gida. In ɗaya na jona, lafiya lau. Da zarar sun haɗu sai su riƙa ɓacewa suna dawowa, faifan kuma yana wani ƙas-ƙas. Mai gyara ya ce sai an sauke Windows an sake ɗorawa. In ba shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka ba shi. Ai kai da kanka ka gama binciken a cikin tambayarka, tunda ka ce kowace na'ura tana aiki in ita kaɗai ce. Wannan ya wanke Windows, ya wanke kebul ɗinka, ya wanke wayoyin. Abin da ya rage shi ne abin da suke rabawa in sun haɗu, wato wuta.

Kafar USB 2.0 wutar da aka ƙayyade mata miliyamfa 500 ce a kan bolt 5. Ta USB 3.0, wadda galibi za ka ga cikinta shuɗi, tana ba da 900. Mahaɗar da ba ta da adaftar kanta ba ta ƙara ko ɗigo a kan wannan. Abin da kafar laftof ta ba ta shi take rabawa, kuma a ƙa'idar USB 2.0 alkawarin da ta ɗauka wa kowane baki miliyamfa 100 ne kacal. Kamar famfo ɗaya ne aka ja wa bututu huɗu: kowa ya buɗe nasa, sai ruwan ya koma zirara. Shi faifan ajiya mai juyawa, shi kaɗai yana iya cinye kusan duk abin da kafa guda take bayarwa, musamman a daidai lokacin da yake tashi. Ga wayoyi biyu da tabulet, kowace batirinta na jan iya abin da ya samu. Wutar ta yi ƙasa, na'urorin su yanke, su sake gabatar da kansu ga kwamfuta, wutar ta sake faɗuwa. Wannan ne ɓacewa da dawowar da kake gani.

Ƙas-ƙas ɗin nan shi ya fi damuna a duk saƙonka. Faifan ne yake ƙoƙarin juyawa wuta tana gaza masa. In ya yanke ana tsakiyar rubuta masa fayil, ba wannan fayil ɗin kaɗai ke cikin haɗari ba, har tsarin da yake riƙe da jerin sauran fayilolin yana iya lalacewa, ka wayi gari Windows na ce maka sai ka yi masa fomatin. Don Allah yau ɗin nan ka cire shi daga mahaɗar. Ka sa shi kai tsaye a kafar laftof, ka mayar da linzamin kan mahaɗa, don shi linzami cinsa kaɗan ne. In ka sa shi shi kaɗai da ɗan gajeren kebul ɗinsa na asali amma bai daina ƙarar ba, to ka kwashe hotunanka zuwa wani wuri tun yana buɗewa.

Maganin dindindin shi ne mahaɗa mai adaftar kanta, wadda ake jonawa a soket. Kafin ka same ta, ka riƙa cika cajin wayoyin tukuna, kuma laftof ɗin ya kasance a jone da wuta lokacin aikin. Akwai kuma wani saiti da Windows ke kashe kafar USB da shi don tattalin batir. Ka danna alamar Start da maɓallin dama na linzami, ka buɗe Device Manager, ka sauka inda aka rubuta Universal Serial Bus controllers. A kan kowane USB Root Hub ka shiga Properties, sannan Power Management, ka cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe na'urar.

Za ka ji wasu na cewa ai USB tana ɗaukar na'urori har 127. Gaskiya ne, amma lissafin adireshi ne, yawan waɗanda za ta iya bambancewa. Bai ce komai a kan wuta ba, bai kuma ce komai a kan gudu ba. Gudun USB 2.0 megabit 480 ne a daƙiƙa, kuma duk na'urorin da ke kan mahaɗa ɗaya raba shi suke yi. Wayoyi da dama masu sabon bakin nan na USB-C, a ciki har yanzu gudun USB 2.0 suke yi. Shi ya sa ni a ra'ayina, ko ka samu mahaɗa mai kyau, ka riƙa kwashe na waya ɗaya ka gama kafin ka taɓa ta biyu. Ba ka yi asarar lokaci ba, kuma in wani abu ya tsaya ka san wacce ce.

Tambaya: Malam ina wuni? Ni malamar makaranta ce. Wayoyi uku nake kwashe takardu da hotuna daga cikinsu zuwa kwamfuta. Biyu suna fitowa, ta ukun caji kawai take yi, kwamfutar ba ta nuna ta ko kaɗan. An ce sai an yi mata filashin.

Amsa: Malama, lafiya lau. Filashin yana goge duk abin da ke cikin waya, kuma waɗannan takardun da hotunan su ne dalilin jona ta tun farko. Ki ajiye wannan shawarar gefe.

Ki fara da musanya. Ki ɗauki kebul ɗin da kafar da suka yi aiki da ɗaya daga cikin wayoyi biyun, ki jona ta ukun da su, ba tare da kin canza wani abu ba. In ta fito, tsohon kebul ɗinta ne. Kebul na USB 2.0 siraran wayoyi huɗu ne a cikinsa, biyu na wuta, biyu na bayanai. Akwai waɗanda ake yi da na wutar kaɗai, irin waɗanda ke zuwa da fitila mai caji ko ƙaramar sifika, kuma daga waje ba ki da yadda za ki bambance su. Akwai kuma mai kyau wanda ya karye ta ciki a wajen wuya saboda lanƙwasa. Duk wanda kika gane na caji ne kawai, ki ɗaura masa ɗan zare ko salatif don kada ya sake shiga cikin na aiki.

In kuma ba ta fito ba, ki koma kan wayar. Tun daga Android 6 na shekarar 2015, waya in an jona ta da kwamfuta caji kawai take yi sai mai ita ya ba da izini, don kada wanda ya tsinci waya ya kwashe abin da ke ciki. Ki buɗe makullin fuskarta, ki jawo sanarwa daga sama, ki taɓa wadda ke maganar USB, ki zaɓi File transfer. Sau da yawa sai kin maimaita haka duk lokacin da kika jona. Wayar da aka jona tana kulle kan fito a kwamfuta, amma in an buɗe ta a kwamfutar sai a tarar da ita fayau.

In sanarwar ma ba ta zuwa, ki haska ramin cajin da tocila. Ƙura da zaren aljihu ko na jaka sukan dunƙule a can ƙasa, su hana kan kebul shiga har ƙarshe, wuta na wucewa amma bayanai ba sa wucewa. Ki kashe wayar, ki sa tsinken sakace na katako ki zaƙulo a hankali. Ban da allura, ban da fil.

Sai bayan duk wannan ne za ki zargi kwamfuta. Ki buɗe Device Manager wayar tana jone, ki nemi suna mai alamar motsin rai a cikin alwatika ruwan ɗorawa. Ki danna shi da dama, ki zaɓi Uninstall device, ki zare kebul, ki kashe kwamfutar ki kunna, ki sake jonawa. Windows za ta ɗora direban, wato manhajar da take gane wayar da ita, daga farko. In ta sake fitowa da alamar, ki shiga Update driver, ki ce za ki zaɓa da kanki daga jeri, ki ɗauki MTP USB Device. MTP ita ce hanyar da Android ke bi ta miƙa wa kwamfuta fayiloli, kuma aiki ɗaya take yi a lokaci guda. Idan tana kwafin folda kika ce ta goge wani abu ko ta buɗe bidiyo, za ki ga kamar ta sandare. Ki bar ta ta gama.

Tambaya: Ranka ya daɗe, a gidanmu akwai iPhone biyu da iPad, kwamfutar kuma Windows ce. Tawa tana fitowa, ta ƙanwata ta daina tun ranar da ta taɓa wani abu a fuskar wayar. Sannan in ina kwafin hotuna sai ya tsaya a tsakiya ya ce na'urar ba ta aiki. Na kuma lura wasu hotunana sun ɓace daga foldar.

Amsa: Matsaloli uku ne daban-daban, kuma ta ƙarshen ta fi gaggawa, don haka da ita zan fara. iPhone tana raɗa wa hotuna suna da lamba, IMG_0001, IMG_0002, haka har 9999 sannan ta sake daga farko. Wayar ƙanwarka ma haka take yi. In ka zuba na wayoyi biyu a folda ɗaya, sunaye za su yi karo, Windows ta tambaye ka ko ta maye gurbin tsohon da sabon, kai kuma cikin sauri ka amsa mata. Hoton da aka maye gurbinsa ba ya zuwa kwandon shara. In har yana nan a wayar, ka sake kwaso shi yanzu, kafin wani ya ce zai rage kaya a waya tunda ai an kwafe. Daga yau kowace na'ura ta samu foldarta da sunanta, a ciki kuma ka raba da wata da shekara. Yawancin kyamarori ma irin wannan lissafin suke yi, saboda haka su ma haka.

Tsayawar kwafi kuwa, sau da yawa daga juya hotuna take. Tun iOS 11 na 2017 iPhone tana ajiye hoto a tsarin HEIC, kuma in ta ga kwamfutar Windows sai ta riƙa juya su zuwa JPEG tana cikin aikawa. In kayan sun yi yawa, musamman dogayen bidiyo, sai ta gaza. Ka shiga Settings, ka nemi Photos, ka sauka ƙasa inda ake maganar aikawa zuwa Mac ko PC, ka zaɓi Keep Originals. Ka zare ka sake jonawa. Windows tana iya neman ka sauke ƙarin manhaja daga Microsoft Store kafin ta buɗe HEIC, amma dai kwafin zai tafi. Ka kuma hana fuskar wayar mutuwa har a gama.

Ita ƙanwarka, abin da ta taɓa kusan tabbas tambayar nan ce ta ko ta amince da wannan kwamfutar, ta danna a'a. Ku zare ku sake jonawa wayar tana buɗe, tambayar takan dawo. In ba ta dawo ba, ta shiga Settings, General, Transfer or Reset iPhone, Reset, ta zaɓi Reset Location & Privacy. Wannan ba ya goge hoto ko lamba, sai dai manhajoji za su sake neman izini. Ka tsaya a kanta lokacin da take yi, domin a wannan shafin ne kuma ake samun Erase All Content and Settings, mai share wayar gaba ɗaya.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma zai same ka: in kana ajiye kwafin wayoyin da iTunes ko Apple Devices, kowace na'ura kwafinta daban ne, kuma duka a faifan C suke sauka. Na'urori uku suna iya cika shi ba ka ankara ba, sai aikin ya fara yankewa kana zargin kebul.

Tambaya: Malam, na daina amfani da kebul, ta Wi-Fi nake haɗa wayoyina da kwamfuta. Wata rana su gan ta, wata rana su ƙi, alhali duka akwai intanet.

Amsa: Samun intanet daban, ganin juna daban. Dole ne duka su kasance a kan Wi-Fi ɗaya. Ka duba ko wayar ta koma kan datar siminta, ko ta hau layin baƙi na rautar (na'urar da ke raba Wi-Fi), wanda da gangan aka yi shi don ya hana na'urori ganin juna. Ka kashe VPN, wato manhajar da ke karkatar da intanet ɗinka ta wata ɓoyayyar hanya, a ɓangarorin biyu. A kwamfutar kuma ka shiga saitin Wi-Fi ɗin ka ga ko Windows ta ɗauke shi a matsayin Public; in haka ne tana ɓoye kanta, sai ka mayar da shi Private, amma a Wi-Fi na gidanka kaɗai.

In duk wannan daidai ne amma haɗin yana yankewa, ka lura ko hakan na faruwa ne lokacin da faifan USB 3.0 yake jone. Kamfanin Intel ya fitar da bayani a 2012 cewa USB 3.0 tana fitar da hayaniya a zangon gigahaz 2.4, inda Bluetooth da Wi-Fi da linzami mara kebul suke aiki. Ka nisanta faifan da ɗan dogon kebul, ko ka mayar da kwamfutar da wayoyin kan zangon gigahaz 5 in rautarka tana da shi. Manyan bidiyo kuwa, ni dai har yanzu da kebul nake ba da shawarar a kwashe su.