Kafin Alhaji ya sayi esi, ka fara leƙa saman silin

Wa alaikumus salam yarona, na ga saƙonka tun ɗazu, muna zuba kankare ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce gidan da kake gyarawa na bulo ne inci 9, rufin kwano mai launin ruwan ƙasa, silin na roba, kuma daga la'asar falo da ɗakin Hajiya ba sa zaunuwa don zafi har tsakar dare, Alhaji yana so ka fasa bango a sa esi uku sannan ya ƙaro sola, kana tambaya ko ka fasa kawai ka karɓi kuɗinka ko akwai abin da mu magina za mu iya yi. Toh akwai, kuma yana da yawa, kar ka taɓa guduma tukuna.

Zafin nan ba a cikin ɗaki aka haife shi ba, shigowa yake yi, kuma a gida mara bene mafi yawansa ta sama yake shigowa. Kwano mai duhu a ranar Afrilu yana iya haura digiri 70, ka ɗora hannu ka ji. Wannan zafin ya sauka kan silin, silin ɗin roba kuwa ko kaurin ɗan yatsa bai kai ba, babu abin da zai tare, sai ya zubo kan mutane. In ka sa esi a haka kamar kana zuba ruwa ne a randa mai yoyo, injin zai yi ta gurnani ba hutu, ɗakin ya ɗan yi sanyi, ana ɗauke wuta minti kaɗan zafi ya dawo. Kuma ka yi wa Alhaji lissafi a gabansa, esi mai hos ɗaya da rabi yana jan wajen wat 1,100, fankar sama wajen wat 70, kaga esi ɗaya ya cinye abincin fanka 15 kenan. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda janareta ya koma, a Afrilun 2024 kuma aka kai yunit ɗin ’yan Band A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i a rana, naira 225. Esi uku a kan sola kuwa batir da inbata da zai saya sai sun ninka kuɗin gyaran da zan gaya maka nesa ba kusa ba.

Ka fara da rufi. Abu na farko ka duba ko iska tana shiga tsakanin kwano da silin, don yawancin gidajen yanzu kafinta yana rufe ko'ina ruf da fesha bod, allon nan na bakin rufi, ballantana wannan yayin na ɓoye rufi a bayan farafet, wato bangon da ake ɗagawa ya zarce rufi, kyau a ido amma zafi ya shiga ba hanyar fita. A buɗe ƙofofin iska a ƙarƙashin bakin rufi ta ƙasa, a buɗe wasu a can sama kusa da tsororuwa, iska mai zafi sama take yi da kanta, ta fita ta janyo mai ɗan sanyi. Amma ka sa musu raga ta ƙarfe mai ƙananan ido, in ba haka ba jemagu da tantabaru su tare a ciki, Hajiya ta tsine mana.

Na biyu abin tare zafi a kan silin. Audugar gilas mai kaurin inci 2 ta isa a fara, a shimfiɗa ta ko'ina ba tare da barin gibi ba, wurin da ka tsallake nan zafi zai bi. Kar ka danne ta don ta shiga lungu, iskar da ke cikinta ita ce ke aikin, ka matse ta ka kashe ta. Ka sa safar hannu da takunkumi da riga mai dogon hannu, ƙaiƙayinta ba wasa ba. Wasu suna sa farin soson nan irin na cikin kwalin firij, yana aiki, amma ni ba na son shi a inda wayoyin wuta suke a warwatse ba fayif, don in ya kama wuta narkewa yake yana ɗiga. Sai mai wayarin ya zo ya gyara wayoyinsa tukuna. Akwai kuma takardar alminiyon mai ƙyalli da ake sawa ƙarƙashin kwano, ita ma a nan ake yawan ɓata kuɗi, mutum ya manna ta jikin kwano ko ya shimfiɗa ta kan silin fuskar ƙyallin na kallon sama. Ita sai da sarari a gabanta, aƙalla inci ɗaya, kuma a ƙasarmu ƙyallin ya kalli ƙasa, don in ya kalli sama hunturu ɗaya ƙura ta lulluɓe shi shikenan ya zama takardar banza.

Sai launi. In kwanon bai mutu ba kar a cire, a wanke a kankare tsatsa a shafa farin fenti na rufi. Na san Alhaji zai ce fari ba ya kyau, kowa baƙi ko ruwan toka yake sawa yanzu, ka ce masa ya taɓa farar mota da baƙar mota da azahar a wajen fakin ɗaya. Farin yana dusashewa da ƙura, gaskiya ne, ruwan farko na damina yana wanke mafi yawa.

In da dakin ne a sama, wato rufin kankare, ba kwano ba, da maganar ta ɗan canza, kankare yana shan rana wuni guda ya adana, sai dare ya yi ya fara sakinta, shi ya sa mai kwana ƙarƙashin dakin ya fi shan wuya da ƙarfe 11 na dare fiye da azahar. Maganinsa a yi masa inuwa, rufi mara nauyi a ɗage sama da shi iska na ratsa tsakani. Irin dabarar da Francis Kéré ya yi kenan a makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso a 2001, bangon ƙasa, silin na tubalin ƙasa, kwano a ɗage can sama a kan rodi, kuma mutumin nan a 2022 ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya. Ko faifan sola in aka ɗaga shi kan dakin yana yin wannan inuwar.

Yanzu ɗakin Hajiya. Ban ga gidan ba amma tunda ka ce daga la'asar yake farawa, ka duba, zaka samu bangonsa ko tagarsa yamma suke kallo. Rana tana dukan bangon daga ƙarfe 2 har faɗuwarta, a lokacin da iskar gari ma ta fi zafi, bulo ya sha ya ƙoshi ya yi ta fitarwa ciki har dare. Ƴar rumfar kankare da muke yi a saman taga ba ta taimakon yamma, don ranar ta sauko ƙasa ta gefe take shigowa, ƙarƙashin rumfar take bi. Yamma sai abin da ke tsaye: baranda mai faɗi, ko bangon bulo mai huji a ɗan nesa da ainihin bangon, ko rumfa da zana, ko itace. Darbejiya tana saurin girma kuma ba ta zubar da ganye duka da bazara, sai dai a nesanta ta da fandisho da sokawe saboda saiwa. Labule mai kauri a ciki kuwa ba ya hana komai sosai, zafin ya riga ya ratso gilas ya shigo ɗaki, a waje ake tare rana. Baƙin gilas ma da ake yayi shan zafi yake ya yi ɗumi ya turo ciki.

Kudu da arewa su ne masu sauƙi, rana tana sama, rumfa ko bakin rufi mai tsawo ya wadatar. Amma kar ka bi abin da ake kwafowa daga littattafan Turai cewa arewa ba ta ganin rana, mu nan wajen Kano daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana ta ɓangaren arewa take bi da tsakar rana, don haka tagar arewa ma tana son rumfarta. Su Jamus da suka fara gida mai tsimin wuta da suke kira Passivhaus a Darmstadt a 1991 sanyi suke yaƙa, suna so rana ta shigo ɗumi ya zauna, mu akasin haka muke nema, abin da za mu ɗauka a wurinsu shi ne tsaftar aiki, rashin barin gibi da toshe kafa. Mu ma muna da tamu ƙa'idar, a 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da dokar gini mai tsimin wuta da taimakon hukumar GIZ ta Jamus, a ciki an ce taga kar ta wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai in an yi mata inuwa, kuma a sa abin tare zafi a rufi. Sai dai a sayit nawa ka taɓa jin an ambace ta.

Maganar iska kuma, mutane suna buɗe taga da rana wai iska ta shigo, alhali da bazara iskar waje ta fi ta ciki zafi, wuta kake shigowa da ita. A rufe da hantsi, a buɗe duka bayan isha har safiya bango ya huce. Don haka taga tana son raga da burgila masu kyau yadda za a iya barinta buɗe a kwana ba tsoron sauro ko ɓarawo. Tagar silaidin rabi kawai take buɗewa komai girmanta, mai ɓallewa waje ko luba sun fi ta ba da iska. Kuma a fasa ƙaramar kafa a sama kusa da silin a bangon da ke fuskantar tagar, in zaka fasa bango toh wannan fashin ya fi na esi amfani. Ka kuma leƙa tsakar gidan, in an malale ko'ina da intalok ko siminti to shi ma yana adana rana yana hura wa tagogi da dare, a cire wani sashe a yi shuka.

Ba cewa nake kar a sa esi ba fa. Akwai darare a Afrilu da Mayu da ko ɗakin soro sai an fito tsakar gida, kakanninmu ma shimfiɗa suke fitarwa. Amma bayan an yi waɗannan gyare-gyaren zaka ga ɗaya ko biyu ƙanana masu inbata sun isa, a ɗakin da ake kwana kawai. Wannan ɗakin a toshe shi da kyau, ƙarƙashin ƙofa, gefen firam ɗin taga inda filasta ta tsage, ramin da fayif ɗin esi ya bi wanda masu sawa suke cusa leda su tafi. A sa esin a digiri 25 ko 26 a kunna fanka tare, ba 16 ba. Injin waje a sa shi a inuwa inda iska ke wucewa, ba bangon yamma ba. Ƙwan fitila duk a mai da su LED, tsohon ƙwai mai wat 60 zafi yake fitarwa fiye da haske.

Ka kuma tambaya ko ba gara a rushe ɓangaren baya na ƙasa a yi na bulo ba tunda ana gyara. A'a, in bangon lafiyarsa ƙalau a bar shi. Ka shiga ɗakin ƙasar da azahar ka fito ka shiga falon bulo, jikinka zai ba ka amsa. Bangon tubali mai kauri zafi yana ɗaukar sa'o'i masu yawa kafin ya ratsa shi, kafin ya iso ciki dare ya yi. Abin da ke kashe ginin ƙasa ruwa ne, ta gindi da ta sama, a gyara indararo, a tsawaita bakin rufi, a ɗaga dakali a gindin bango ruwa ya daina kwanciya. Kuma don Allah kar ka yi masa filastar siminti mai ƙarfi, ba sa kama juna, danshi ya maƙale a baya, wata rana ta ɓantare faifai guda ta tafi da fuskar bangon. Yaɓe da makuba magabata suka yi ta yi, in an sabunta a kan kari yana riƙewa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun wajen 1830 da wani abu da ƙasa da azara aka ɗaure bakan gizonsa, wato ɗaurin nan mai lanƙwasa da ke riƙe rufi. Falke Barmu na Yama a jihar Tawa ta Nijar magini ne irinmu, masallacin ƙasa da ya gina ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji ta Nijar kuma Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili ba su rushe tsohon masallaci ba, gyara shi suka yi ya zama ɗakin karatu, sabon suka gina da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, aka gama a 2018. Irin wannan bulon siminti kaɗan ake sa masa, wajen kashi 5 zuwa 8 cikin 100, in Alhaji zai ƙara ɗaki nan gaba shi zan ba shi shawara, amma sai an gwada ƙasar tukuna, ba kowace ke yi ba. Shi siminti dutse ake gasawa a wuta mai digiri wajen 1,450, kuma yinsa kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya, kaga duk bangon da ka bari a tsaye buhunan da ba a ƙona ba ne, ga kuɗin Alhaji a aljihunsa.

Wajen kotashan kar ka haɗa masa duka a takarda ɗaya ya tsorata. Ka raba, rufi daban, inuwar yamma da tagogi daban, esi a ƙarshe. Ka roƙe shi ya bari a fara da ɗakin Hajiya kaɗai, ka sayi ƴar na'urar auna zafi guda biyu a kasuwa, ɗaya a ɗakin ɗaya a falo, a rubuta abin da suka nuna da la'asar da kuma bayan isha kafin aiki da bayan aiki, lamba ta fi bakinka iya shawo kansa.

Gobe ka hau saman silin da sassafe kafin kwano ya ɗau zafi, a kashe wutar gidan daga mita, ka taka kan katako kawai kar ka taka robar. Ka ɗauko min hoton wayoyin da katakon ko gara ta ci, ka auna tsawo da faɗin kowane ɗaki da tazarar kwano da silin, ka kuma tsaya a ƙofar ɗakin Hajiya ka duba ina gabas take. Ka turo min kafin azahar in lissafa maka rol nawa na audugar gilas za a saya.