Ganyen da na tara a Bukur ya ƙi ruɓewa

Tambaya: Salam malam. Ina da ɗan lambu a Bukur, tun lokacin sanyi na tara ganyen mangwaro da na turare a rami don in yi taki, har yau suna nan ƙamas. Amma da na yi bautar ƙasa a Kuros Riba na ga kurmi cunkus da itatuwa, ƙasan kuma ba wani tulin ganye. Ina nasu ganyen ke zuwa?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ai ganye ba da kansa yake ruɓewa ba, cinye shi ake yi. Gara, tana, ƙwayoyin da ido ba ya gani, da funfuna, wannan farin zaren da za ka gani in ka ɗaga jiƙaƙƙen ganye. Su kuma ba sa aiki sai da danshi da ɗumi. Kalaba, can Kuros Riba, na samun ruwa wajen milimita 3,000 a shekara, mu nan Jos wajen 1,400 ne, daga Afrilu zuwa Oktoba, ga sanyin tudu, to da hunturu ya shigo ma'aikatan naka sun tafi hutu kenan. Kada dai ka ce yawan ruwa shi ne magani, a kurmin fadama na Kongo ruwa kwanciya yake ya toshe iska, ganye ya yi ta taruwa shekaru dubbai bai gama ruɓewa ba.

Wanda mutane suka fi mantawa shi ne ƙasar kanta. Jar ƙasar kurmi tsohuwa ce, ruwa ya daɗe da wanke mata sinadarin fosfaros da tsiro ke buƙata, shi ya sa bishiya take rowa, kafin ta saki ganye sai ta janye yawancin fosfaros ɗin da ke cikinsa ta mayar jikinta, ƙwayoyin nan su tarar da tuwo ba miya, ci dai za su ci amma a hankali. Kurmin Amazon ma har da ƙurar da iska ke ɗebowa daga Bodele ta ƙasar Chadi yake samun ƙarin fosfaros, irin hazon da muke tsaki a kansa.

Kai kuma ka haɗa masu taurin kai biyu, mangwaro ganyensa kamar fata, turare ga mai a jiki. Ka rage turaren, ka zuba kashin kaji da harawar wake, ka yayyafa ruwa har in ka matsa a hannu ka ji danshi amma ba ya ɗiga, kana juyawa duk sati biyu.