Amsar tambayar Yaya kan bindigar ƙugu a Texas

Yaya, ina gaisuwa, a gaida su Hajiya da yara. Ka ce ka ji a nan kowa da bindigarsa a ƙugu, kana son sanin ko mu ma mun shiga sahu, da kuma irin wadda ake riƙewa.

Doka dai ta ba da dama. Tun 1 ga Satumba 2021, wanda ya kai shekarun girma kuma ba shi da tabon laifi a Texas yana iya yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba, abin da a gida sai ka kwana a caji ofis. Amma cikin Hausawan da nake mu'amala da su a Houston, akasari ba su da ita. Masu ita su ne direbobin manyan motoci da masu kwana a shagon gidan mai.

Su ɗin ma, kusan kowa babbar cikin ƙananan bindigogin yake fara sha'awa, mai harsashin .45 ACP, wanda kaurinsa ya ɗan haura milimita 11. Ka san halinmu, in an ce rago sai mai ƙaho. Shahararriyar cikinsu ita ce wadda ake kira 1911, ƙirar John Browning, wadda sojojin Amurka suka riƙe daga shekarar 1911 har zuwa 1985. Kyakkyawa ce, siririya, kunamarta da laushi. Sai dai zallar ƙarfe ce, ta fi kilo ɗaya, kuma harsashi 7 ko 8 kawai gidanta ke ci. Glock 30 ta fi ta sauƙin ɗauka, tana cin 10, amma ƙatuwar mariƙa gare ta, mai ƙaramin hannu ba zai ji daɗinta ba.

A zafin Houston na watan Agusta ake gane gaskiya. Rataya kilo guda a ƙugu tun asuba har isha'i, ga gumi, ga wando yana zamewa, in ka yi ruku'u kuben ya tokare ka. Wani abokina ya sayi 1911 da ɗoki, bai yi wata biyu ba ta koma akwati. Kaftani kam yana rufa mata asiri fiye da rigunan Turawa, sai dai kafin ka yaye shi ka kai hannu an daɗe. Masallaci kuwa in an liƙa sanarwar hani a ƙofa, a mota ake barin ta.

Ni a ganina 9mm, wato mai harsashin da kaurinsa milimita 9 ne, ta wadatar. Hukumar FBI ma, bayan musayar wutar da jami'anta suka yi da 'yan fashi a Miami a 1986, ta koma manyan harsasai, daga baya ta dawo kan 9mm, don ba ta fizgar hannu sosai kuma an fi samun saiti da ita. Glock 19, mai 9mm, tana cin 15, harsashinta ya fi araha, mutum ya samu ya riƙa zuwa filin koyon harbi.

Abin da ya fi hana mutanenmu ɗauka shi ne launin fata. A 2016 ɗan sanda ya harbe wani baƙar fata mai suna Philando Castile a Minnesota, alhali yana da lasisi kuma da bakinsa ya faɗa masa yana ɗauke da bindiga. Shi ya sa ni tawa tana gida a kulle, harsashi a wani wuri daban saboda yara. Don Allah kada Hajiya ta ji ina da ita.