Fentin layin titi ya fallatsa a jikin motata, yaya zan cire shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ranar Asabar da daddare ina komawa gida na bi ta wani titi da aka gama shimfiɗa wa kwalta, ban lura cewa yanzun nan aka zana layin tsakiya ba. Da gari ya waye sai ga ɗige-ɗigen fenti ruwan ɗorawa a gefen direba, tun daga bayan tayar gaba har bambar baya, da cikin madigadi da kan wili. Motar Corolla ce baƙa, kuma an taɓa sake wa ƙofar baya fenti. Yau kwana huɗu, an wanke ta sau biyu bai fita ba. Yaron wurin wanki ya ce in sayo tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, wani abokina kuma ya ce man birki ya fi sauri. Wanne zan ɗauka? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, cikin biyun nan kada ka ɗauki ko ɗaya. Man birki cin fenti yake yi, shi ya sa duk bakaniken da ya san aikinsa ke gaggawar wanke shi da ruwa in ya ɗiga a jikin mota. Tina kuma za ta cire ɗigon, amma ba ta bambanta fentin titi da na mota, balle a ƙofar nan da aka sake fesawa. Garin neman gira za a rasa ido. Labari mai daɗi shi ne fentin titin nan a saman naka yake zaune, bai shige ciki ba, kuma kwana huɗu bai yi nisan da za a fid da rai ba.

Abin da ya sa ake lallaɓa aikin shi ne fentin mota ba shi da kauri. Duk hawa-hawan da kamfani ke fesawa, daga na ƙasa zuwa launi zuwa garai-garai na sama mai sheƙi, kaurinsu gaba ɗaya bai cika wuce milimita 0.1 zuwa 0.15 ba, wato kusan kaurin takarda guda. Na saman nan, wanda masu fenti ke kira kiliya, bai kai rabin wannan ba, kuma in an cinye shi ba ya tofowa. A ɗaya ɓangaren, ana watsa wa fentin titi ƙananan ƙwayoyin gilashi, galibinsu ba su kai milimita 1 ba, su ne ke sa layi ya haska da dare idan fitila ta doke shi. Taya kan kwaso su tare da fentin. Duk ƙwayar da ta ɓalle ta maƙale a tsumma, zane za ta bari a duk inda hannu ya bi, kuma baƙar mota ba ta rufa wa kowa asiri. Don haka ka hana dirza. Sai fentin ya yi laushi tukuna a ɗaga shi.

Fentin layi iri-iri ne. Akwai wanda ake haɗawa da ruwa, akwai wanda ake sirkawa da sinadari mai warin tina, akwai kuma wanda ake dafawa a tukunya har zafi ya kai wajen digiri 200 a shimfiɗa shi da kauri. Wannan na ƙarshe yana sandarewa cikin 'yan mintuna, don haka bai cika fallatsa ba, in ma ya yi, ƙulu-ƙulu masu tauri yake bari. Yadda ka kwatanta naka, ɗige-ɗige sirara da suka bi gefen mota har baya, na ruwa-ruwa ne da aka fesa, wanda sanyin dare ya hana shi bushewa da wuri.

Ka fara da kai motar inuwa ka bari jikinta ya huce. Baƙar mota da ta wuni a ranar Zariya tana busar da duk abin da aka shafa mata kafin ya yi aiki, wani lokacin har ya bar tabo. A jiƙa wurin sosai, a sa sabulun wankin mota, sannan a bi shi da injin feshin ruwa mai ƙarfi. A riƙe bakin injin kamar kamu ɗaya da rabi daga jiki, a karkace, ba a soke shi tsaye ba, kuma a ƙara ja baya a wajen ƙofar da aka sake wa fenti, musamman gefe-gefenta inda ruwa zai iya shiga ƙarƙashi ya ɗaga fentin. Wannan wankin kuma shi ke kawar da ƙura, wadda ita ma zane take yi.

Abin da ya rage bayan motar ta bushe, a fesa masa WD-40, man feshin nan na gwangwani da ake sassauta tsatsa da shi, a bar shi awa ɗaya zuwa biyu, a sake wankewa da injin. Inda fentin ya taru da kauri, ko ya yi kwanaki kamar naka, man basilin ya fi. A lafta shi da yawa a kan ɗigon, a bar shi ya kwana, awa 8 zuwa 12, da safe a kai wanki. Wannan ba dabarar bakin titi ba ce, ita ce shawarar da hukumomin kula da hanyoyi na jihohi da dama a Amurka ke bai wa direbobin da suka taka sabon layi. Maiƙon yana tausasa fentin, yana kuma sassauta riƙon da ya yi wa kiliya, sai ruwa ya ƙarasa. Abu ɗaya nake ƙarawa saboda yanayinmu: basilin na kama ƙura, to in lokacin hunturu ne a rufe wurin da leda, kuma kada a goge man da busasshen tsumma. Sau da yawa zagaye ɗaya ba ya isa. A maimaita. Mutane a nan suke gajiya su koma ga tina, alhali dare ɗaya ko biyu ya rage musu.

In ɗigo ya yi laushi amma ya ƙi sauka, ka tura shi da farce ko gefen tsohon katin ATM, wurin yana jiƙe da ruwan sabulu, kana share bakin katin bayan kowane turi. Ban da reza, ban da soson ƙarfe, ban da samfefa. Masu taurin kai kuma sai a gwada musu ruwa biyu, ɗaya bayan ɗaya. Sifirit ɗin da ake sayarwa a kemis yana narkar da fentin da aka haɗa da ruwa: ka ɗiga shi a auduga, ka danna kan ɗigon daƙiƙa kaɗan, in audugar ta ɗauki ruwan ɗorawa ka san ya kama. In bai motsa ba, ka gwada kananzir ko maganin cire kwalta na shagon kayan mota. Kananzir ne ma zai fid da baƙaƙen ɗigon kwalta, waɗanda nake kyautata zaton suna nan tunda titin sabo ne, launin motar ne ya ɓoye su. Ko wanne ka sa, ɗan wuri kaɗan, ka wanke da sabulu nan take. Fetur a bar shi a tanki.

Ƙofar bayan nan ita ce ta fi damuna. Fentin kamfani an gasa shi da zafi mai yawa, shi ya sa yake jure abubuwa. Wanda aka fesa a gareji galibi iska ce ta busar da shi, kuma wasu ba sa ma sa kiliya. Ka shafa ɗan folish na mota a farin tsumma ka goga a cikin ƙofar, inda ido ba ya kaiwa. In tsumman ya yi baƙi, babu kiliya, to a nan basilin da ruwa kawai, sifirit kada ya kusance ta. In kuma bai ɗauki launi ba, ka gwada sifirit ɗin a wannan ɓoyayyen wurin tukuna.

Sauran sassan ba su da wuya sosai. A gilashin taga reza halal ce, in dai sabuwa ce, an kwantar da ita, gilashin kuma a jiƙe yake. Fitilu ba gilashi ba ne, roba ce, tina da maganin goge jan farce suna sa su yi hazo su tsattsage, sai a bi su yadda aka bi jikin mota. Cikin madigadi shi ne mafi naci saboda robar tana da kaushi: sifirit da burushi mai ɗan tauri, sannan injin ruwa, abin da ya saura tafiya za ta cinye shi a hankali. Na kan taya ma haka. Wajen wili kuwa, a zuba WD-40 ɗin a tsumma a shafa, kada a fesa kai tsaye, domin maiƙo a kan faifan birki ya fi fenti haɗari nesa ba kusa ba. Wani dalilin guje wa samfefa shi ne an daɗe ana haɗa fentin titi ruwan ɗorawa da sinadarin darma, kuma ba za ka gane ko naka na da shi da ido ba, ƙurarsa kuwa ba abar shaƙa ba ce.

Bayan komai ya fita, ka shafa tafin hannu a wurin. In ka ji kaushi-kaushi, akwai wani abu mai danƙo da masu gyaran sheƙin mota ke amfani da shi, suna ce masa kile, ana murza shi a hankali da ruwan sabulu ya tsince ragowar. Daga nan sai folish mai laushi, sai a mayar da kakin mota, don WD-40 da kananzir da sifirit duk suna wanke wanda ke kai.

In ka yi zagaye uku na basilin fentin bai ko yi laushi ba, mai yiwuwa irin wanda ake haɗa sinadari biyu ne ya daskare, wanda ba ya jin mai ko sifirit. Wannan sai mai fentin mota da injin folish. Kafin ya taɓa, ka nuna masa ƙofar da aka sake fesawa, ka kuma ce ya fara gwadawa a ƙasan bamba ka gani da idonka.