Tambayoyinku kan Waya: Dokar Tantance Shekaru da Yaranmu

TAMBAYA: Malam, na ji a rediyo wai Ostireliya ta hana yara shiga soshiyal midiya. Ɗana shekararsa 11, TikTok ya raba shi da haddarsa. Me zai hana gwamnatinmu ta yi haka? Daga maman yara huɗu, Tudun Wada.

AMSA: Hajiya, labarin gaskiya ne. Majalisarsu ta amince da dokar a Nuwamba 2024, ta fara aiki ranar 10 ga Disamba 2025: duk wanda bai kai 16 ba, ba shi ba mallakar asusu a TikTok, Instagram, Facebook ko Snapchat, tara kuma kamfani za a ci, ba iyaye ba. A Birtaniya ma, tun 25 ga Yuli 2025 dole shafukan batsa su tantance shekarun masu shiga.

Amma Hajiya, wa ya ba ɗan shekara 11 wayar? Ƙa'idar TikTok kanta 13 ce. Kwanan baya ina zaune a wani shagon gyaran waya a titin Ahmadu Bello, wani uba ya shigo da yaronsa, ko kayan makaranta bai cire ba. Mai shago na buɗe masa imel, ya tambayi shekarar haihuwa, uban ya ce, "Sa 1990 kawai, mu wuce wurin." Nan take ɗan firamare ya zama magidanci a idon manhaja, duk abin da za a nuna wa babba shi za a nuna masa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don mu da hannunmu muke buɗe ƙofar, sannan mu ce gwamnati ta zo ta rufe.

Ga kuma abin da masu neman dokar ba sa dubawa. Kafin a gane yaro, sai an tantance kowa, har da ke. Ko dai ki ɗauki hoton fuskarki na'ura ta kimanta shekarunki, ko ki tura katin shaida, wanda a nan NIN ke nan. Ina za a ajiye su? A Oktoba 2025 Discord, wani dandalin hira na intanet, ya sanar cewa an yi kutse a wani kamfani da ke masa aiki, hotunan katin shaidar mutane kusan 70,000 na cikin abin da ya shiga haɗari. Idan aka sace kalmar sirri, minti ɗaya kin canza wata. Fuskarki fa? Ni da idona na ga kwafin takardar NIN ta wani bawan Allah an ƙunsa gyaɗa a ciki, da hotonsa da lambarsa.

Sannan ranar da aka ɗaure kowane shafi da NIN, duk wanda ya rubuta cewa asibitin unguwarsu babu magani, an san sunansa da gidansa. Mu da muka ga an rufe Twitter wata bakwai daga Yuni 2021, bai kamata mu yi wasa da wannan ba. Ina son a kare yara kamar yadda kike so. Dokar kare bayanai ta 2023 ma ta riga ta ce sai da amincewar iyaye za a tattara bayanan yaro, a fara tilasta wa kamfanoni bin ta.

Yau da dare ki goge TikTok ɗin, ki sa Family Link, manhajar Google da iyaye ke lura da wayar yara da ita, ki buɗe masa asusun Google da shekarunsa na gaskiya. Kuma abin da kullum nake nanatawa: waya a falo take kwana. A gidana bayan Isha'i duk a kan teburi ɗaya ake jona su caji, har da tawa.

TAMBAYA: An turo mini saƙo a WhatsApp wai in tura hoton NIN don tabbatar da shekaruna, in ba haka ba za a rufe mini layi. Daga wani ɗan kasuwa, Kasuwar Barci.

AMSA: Alhaji, kai da ko bashin naira ɗari biyar ba ka bayarwa sai ka san gidan mutum? 'Yan damfara ne. Kada ka taɓa linkin, ka toshe lambar.

TAMBAYA: Wane VPN na kyauta ya fi kyau? Daga ɗalibi, Kawo.

AMSA: Ba ka faɗi abin da kake son buɗewa ba, na kuma lura da hakan. VPN manhaja ce da ke ɓoye inda kake don ka shiga shafukan da aka toshe, amma duk abin da ka yi a intanet ta hannun mai VPN ɗin yake bi, kuma wanda bai karɓi kuɗinka ba, sau da yawa bayananka yake sayarwa. Bar shi.

TAMBAYA: 'Yata ta gano lambar buɗe wayata. Daga wata malama, Rigasa.

AMSA: Shekarar haihuwarta kika sa, ko ba haka ba? Canza zuwa lamba shida da ba ta da alaƙa da kowa a gidan, ki haɗa da zanen yatsa.